Wa ka saita? Yadda dokar saiti take aiki a wasan katin Magic

Wanda ya saba da belot a fadojin Maradi ya san kati in ya taɓa tabarma, magana ta ƙare: ko ya ci, ko a cinye shi. Da wannan sabon samarinmu suke shiga Magic: The Gathering, wasan da Richard Garfield, masanin lissafi ɗan Amurka, ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. Kuma wannan sabon ne yake kayar da su. A Magic akwai tazara tsakanin lokacin da ka ajiye kati da lokacin da katin zai yi aikinsa, kuma a cikin tazarar nan abokin karawarka yana da bakin magana. Kusan duk gardamar da ke tashi tsakanin masu buga wasan, daga ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo zuwa ƴan fada a unguwar Zariya, in ka bi ta a hankali za ka tarar a nan ta samo tushe.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga wasan a taƙaice. Mutum biyu ne, kowa da daminsa na kati 60, kowa da maki 20 na rai, wanda nasa ya ƙare an cinye shi, a fara da kati 7 a hannu. Akwai katunan ƙasa, su ne ke samar da abin biya, mu ce kuɗi, mai launi biyar: fari, shuɗi, baƙi, ja da tsanwa. Akwai halittu da ake saukewa a fage, kowace da lamba biyu, ta farko ƙarfin dukanta, ta biyu yawan raunin da za ta iya ɗauka kafin ta mutu. Duk katin da ba na ƙasa ba, a lokacin da kake buga shi, jifa ne. Sunan wasan kan sa wasu iyaye su ɗaure fuska, amma duk wanda ya zauna ya kalla na minti goma zai ga takarda ce da lissafi da karanta ƙa'ida.

To, wani jifan yana saiti, wani ba ya yi. Abin da ke raba su kalma ɗaya ce da ke rubuce a jikin katin. A katunan Ingilishi kalmar ita ce target, a na Faransanci kuwa cible ko ciblée. In tana nan, jifan yana saiti. In babu ita, ba ya yi, ko da kuwa hankalinka yana gaya maka cewa ai a fili yake wani ake nufi. Doka ta 115 a babban kundin dokokin wasan kenan, kuma ba ta sauraron hankali. Katin Murder ya ce a hallaka halittar da aka saita. Katin Supreme Verdict ya ce a hallaka dukan halittu. Na farko yana saiti, na biyu ba ya yi, alhali in halitta ɗaya ce tak a fage sakamakonsu ɗaya ne. Katin Clone yana shigowa fage a matsayin kwafin wata halitta da ka zaɓa, ka nuna ta da yatsa ma, amma kalmar ba ta jikinsa, saboda haka bai saita ta ba. Wurare kaɗan ne kalmar take ɓoye a cikin ƙa'idar wata baiwa, wato aiki na musamman da kati ke da shi: katin da ake rataya wa halitta, irin Pacifism, yana saiti lokacin da aka jefa shi daga hannu, haka ma baiwar ɗaura wa halitta kayan yaƙi.

Bambancin kamar na sammaci ne da shela. Sammacin alƙali yana ɗauke da sunan mutum tun daga lokacin da aka rubuta shi, kuma in ɗan aike ya isa gidan ya tarar mai sunan ya tashi, takardar ta mutu, ba zai miƙa wa maƙwabci ba. Shelar da aka yi wa gari kuwa ba ta da suna, duk wanda ke cikin gari a ranar ta hau kansa, har baƙon da ya sauka da safe.

Yanzu ga yadda ake jefa kati bisa doka ta 601. Ka ɗauke shi daga hannu ka ɗora a kan tsibi, wato wurin da jifa ke jira. In katin yana da zaɓi biyu ko uku, ka faɗi wanda ka ɗauka. Sannan ka faɗi abin da ka saita, da babbar murya, kowa ya ji. In rauni ne za a raba tsakanin mutum biyu, ka faɗi rabon. Sai bayan duk wannan ka biya kuɗin. A lura da jerin: saiti yana gaba da biya, kuma yana gaba da amsar abokin karawa nesa ba kusa ba. Ba ka da damar ka ajiye kati ka zuba wa mutum ido, ka ga yadda fuskarsa ta canza, sannan ka zaɓi wanda za ka buga. Da ka gama, shi kuma ya samu damar ɗora nasa jifan a kan naka, kai ma ka ƙara, har sai ku biyun kun ce ba ƙari. Daga nan na saman tsibi, wato na ƙarshen shiga, shi ne farkon sauka. Tsarin tsibin nan ya zo ne da gyaran dokoki na 1999, lokacin bugu na shida. Waɗanda suka taso da wasan katin Yu-Gi-Oh! sun san wani abu mai kama da shi, sai dai a can in sarƙar ta fara warwarewa ba mai sa baki har ta ƙare, a Magic kuwa bayan saukar kowane jifa ɗaya ana sake buɗe ƙofa, kowa na iya ƙara wani.

Misali mafi tsufa shi ne na kati uku da ke cikin wasan tun 1993. Grizzly Bears halitta ce mai 2/2. Lightning Bolt yana yin rauni 3 da kuɗi ɗaya ja. Giant Growth yana ƙara wa halitta 3 a duka, 3 a juriya, har ƙarshen zagayen, da kuɗi ɗaya tsanwa. In na jefa Lightning Bolt a kan Grizzly Bears ɗinka, ka amsa da Giant Growth, naka ne zai fara sauka, halittar ta zama 5/5, nawa ya sauka ya yi rauninsa 3, ta shanye. Jifana bai lalace ba, ya yi aikinsa, aikin ne bai isa ba. Amma juya jerin. Kai ka fara jefa Giant Growth don ka ƙara mini ciwo a hari, ni na amsa da Lightning Bolt. Nawa ya sauka a kan 2/2, ta mutu. Da naka ya zo sauka, abin da ya saita ba ya fage, sai ya wuce maƙabarta, wato inda ake tara katunan da suka mutu ko suka gama aiki, bai yi komai ba. Kati ɗaya nawa ya cinye biyu naka. Katunan ba su canza ba, wanda ya fara bayyana saitinsa ne ya sha ƙasa.

Abin da ya faru da Giant Growth ɗin nan shi ne zuciyar maganar. Ana duba halaccin saiti sau biyu: lokacin jifa, da lokacin sauka, bisa doka ta 608.2b. Tsakanin biyun ba a dubawa, abu na iya haramta ya sake halatta, ba ruwan kowa. Amma a duba na biyu dole abin da aka saita ya kasance yana nan inda aka same shi, kuma har yanzu ya cika sharaɗin da katin ya gindaya.

Hanyoyin kuɓuta daga nan suke fitowa, kuma sun fi mutuwa yawa. Akwai Cloudshift, farin kati mai kuɗi ɗaya, da ke fitar da halittarka daga wasa ya dawo da ita nan take. Ido yana ganin kati ɗaya ne, ya ɗaga ya dawo wurinsa. Doka ta 400.7 kuwa ta ce duk abin da ya bar wani yanki ya shiga wani, sabon abu ne da bai san abin da ya wuce ba. Murder ɗin da ke jira a tsibi ya saita tsohuwar, ita kuwa babu ita. Wannan ita ce dokar da na ga ta fi ba sababbin ƴan wasa haushi.

"Yaya, ga ta nan gabanka, mi ya hana ta mutu?"

"Wadda ka saita ta tafi, ƙanena. Wagga baƙuwa ce."

Akwai kuma sauya siffa. Cut Down, baƙin kati na 2022, yana hallaka halittar da aka saita wadda jimlar lambobinta biyu ba ta wuce 5 ba. Grizzly Bears jimlarta 4, ta halatta. A amsa da Giant Growth, jimla ta koma 10, saitin ya haramta, Cut Down ya tashi a tutar babu. A ajiye shi kusa da Fatal Push na 2017, shi ma baƙi mai kuɗi ɗaya, a ga yadda wurin da aka sa sharaɗi a jimla yake canza komai. Fatal Push cewa ya yi a hallaka halittar da aka saita idan farashinta bai wuce 2 ba. Sharaɗin ba ya cikin saitin, yana bayansa. Ma'ana kana iya saita kowace halitta da shi, ko mai farashi 7, jifan ya sauka lafiya lau, sai dai ba zai kashe ta ba. Mutum zai ce to wa zai yi wannan wauta? Za mu zo kan ranar da wautar take cin wasa.

Sai babbar tambaya: in saitin ya haramta, me zai faru da sauran abin da ke rubuce a katin? A nan dokar ba ta da sassauci. In duk abubuwan da jifa ya saita sun haramta, jifan gaba ɗayansa ba ya sauka, har da sassan da ba su da alaƙa da saitin. Electrolyze yana raba rauni 2 tsakanin abu ɗaya ko biyu da ka saita, sannan ka zaro kati ɗaya daga daminka. Ka saita halitta ɗaya, mai ita ya sadaukar da ita kafin jifan ya sauka: ba rauni, kuma ba zaro kati, ko da yake zaro katin bai shafi halittar da komai ba. In kuwa ka saita biyu, rauni ɗaya ga halittar, ɗaya ga shi kansa ɗan wasan, sai ya sadaukar da halittar, to saiti ɗaya ya rage da rai, jifan zai sauka. Ɗan wasan ya sha rauninsa 1, ka zaro katinka. Raunin da ka ware wa halittar kuwa ya salwanta, ba a mayar da shi kan wanda ya rage, domin rabon tun lokacin jifa aka yanke shi. Shi ya sa gwanaye wani lokaci suke ƙara saiti na biyu da ba su damu da shi ba, don kawai ya riƙe musu jifan.

Na sha jin ana cewa wannan zalunci ne, a bar mutum ya zaro katinsa mana tunda ya biya. Ban yarda ba. Katin da ke saiti kusan kullum ya fi araha, kuma yana ba ka abin da shela ba ta bayarwa, wato ka cire ƙaya ɗaya ka bar naka halittun lafiya. Murder kuɗi 3 ne kuma kana iya jefa shi a kowane lokaci, Supreme Verdict kuɗi 4 ne, a zagayenka kaɗai, kuma yana share naka da nasa. Ladan wannan sauƙin shi ne kasadar cewa ka faɗi niyyarka a bainar jama'a kafin ta tabbata. In aka cire kasadar, mai kare halittarsa ba shi da wata riba a ƙoƙarinsa, wasan ya koma wa ya fi katunan kisa yawa. Wani ƙaramin gyara da aka yi a 2018, lokacin fitowar jerin Dominaria, ya ƙara fayyace abin. Kafin nan ana cewa irin wannan jifan dokar wasa ce ta soke shi, sai mutane suka riƙa ruɗewa da katunan da aka rubuta musu cewa ba a soke su. Yanzu cewa ake yi kawai bai sauka ba. Abrupt Decay, wani katin kisa mai saiti, ba ya sokuwa, amma in abin da ya saita ya ɓace, maƙabarta zai tafi kamar kowa.

Kada a haɗa wannan da kuskuren farko. In ka jefa kati a kan abin da tun asali bai halatta ka saita ba, jifan bai faru ba sam. Katin ya koma hannunka, kuɗinka ya dawo, illa dai abokin karawarka ya riga ya ga abin da kake riƙe da shi. Asarar kati da kuɗi tana kan wanda saitinsa ya halatta da farko ya lalace daga baya.

Daga wannan ne kuma ake gane cewa jifa mai saiti ba ya fita sai an cika masa adadinsa. Hex ya ce a hallaka halittu shida da aka saita. In biyar ne a fage, katin zai zauna a hannunka yana kallonka. In abokin karawarka na da biyar kai kana da ɗaya, hanya ɗaya ce: ka haɗa da taka. Ba za ka ƙirga halitta ɗaya sau biyu ba, domin kalmar saitin sau ɗaya ta fito a katin, kuma kowace fitowa tana son abubuwa mabambanta. Seeds of Strength kuwa ya maimaita jimlarsa sau uku, kowace da nata saitin, don haka kana iya tara ukun a kan halitta ɗaya.

Halittu ma suna da baiwar da ke tashi da kanta, kuma ita ba ta neman izininka. Flametongue Kavu, mai 4/2, na 2001, in ta shigo fage tana yin rauni 4 ga halittar da aka saita. Ana zaɓen saitin ne bayan ta riga ta shigo, lokacin da baiwar za ta hau tsibi. In fagen abokin karawarka wayam yake, dole ka saita taka, in kuma ita kaɗai ce, kanta za ta harba. In babu abin saiti ko ɗaya da ya halatta, baiwar kawai ake cirewa daga tsibi, halittar ta zauna.

Yanzu mu zo kan garkuwoyi, inda kamfanin da kansa ya yi ta sauya ra'ayi. Tsohuwar garkuwa ita ce lulluɓi, wadda aka ba ta suna shroud a 2007: ba mai saita halittar, har mai ita. Takalman Lightning Greaves suna ba da lulluɓi, kuma duk wanda ya taɓa ɗaura su ya san takaicin riƙe Giant Growth a hannu ba halin amfani da shi. Adalci ne mai tsauri, amma ƴan wasa da yawa sun riƙa bugawa kamar lulluɓin bai shafe su ba, sai a 2011 aka kawo hexproof, mu kira ta baduhu: abokan karawa ba sa iya saita ta, kai kana iyawa. A ganina an gyara ƙaramar matsala an haifi babba. A shekarar ce Invisible Stalker ta fito, halitta mai 1/1 da ba a saita ta, ba a kuma tare ta a hari. Ka rataya mata duk abin da ka ga dama, ɗayan yana zaune da katunan kisa cike da hannu yana ƙirga ransa yana raguwa. Wasan da daɗinsa ke cikin amsa da mayar da amsa ya koma mutum ɗaya yana wasa, ɗaya yana kallo.

A 2021, da jerin Strixhaven, aka kawo ward, wadda zan kira kuɗin ƙofa, kuma ita ce ta fi dacewa da ruhin wasan. Kana iya saita halittar, amma da ka yi, baiwarta za ta tashi ta hau kan jifanka: ka biya abin da aka rubuta, ko a soke jifan. Wani lokaci ƙarin kuɗi ne, wani lokaci rai, a Graveyard Trespasser kuwa sai ka yar da kati daga hannunka. Tunda soke jifa take yi, katin da ba ya sokuwa irin Abrupt Decay yana wucewa ba tare da ya biya ko dala ba. Kuma tunda a daidai lokacin saiti take tashi, ba ta da amfani in an ba halitta ita bayan an riga an saita ta. Baduhu akasin haka ne. Blossoming Defense, da kuɗi ɗaya tsanwa, yana ba halitta baduhu a tsakiyar tazarar, duba na biyu ya tarar saitin ya haramta.

Rigakafin launi ya fi su duka faɗi, shi ya sa aka fi yi masa mummunar fahimta. Black Knight tana da rigakafi daga fari. Abu huɗu kenan: farin abu ba ya yi mata rauni, ba a rataya mata ko ɗaura mata farin kati, farar halitta ba ta tare ta, farin jifa ba ya saita ta. Iyakarsa kenan. Swords to Plowshares, farin kati mai fitar da halitta daga wasa, ba zai taɓa ta ba, domin saiti yake yi. Supreme Verdict, wanda akwai fari a launinsa, zai hallaka ta, domin bai saita ba, kuma hallakawa daban take da rauni. Amma Pyroclasm, jan kati mai yin rauni 2 ga kowace halitta ba tare da saiti ba, ba zai yi wa mai rigakafin ja komai ba, saboda ta ƙofar rauni ya biyo.

Duk garkuwar da ta dogara da saiti, ana zagaye ta da katin da bai ambaci kalmar ba, ko wanda ya ambace ta a kan wani. Diabolic Edict ɗan wasa yake saitawa, ya tilasta masa sadaukar da halitta ɗaya da ya zaɓa da kansa. In Invisible Stalker ce kaɗai gare shi, ta tafi. In shi ɗan wasan ya samu baduhu ta hanyar Leyline of Sanctity, Diabolic Edict ya rasa ƙofa, amma Innocent Blood, da ya ce kowane ɗan wasa ya sadaukar da halitta, zai shiga. Council's Judgment na 2014 ƙuri'a yake sa a kaɗa kan abin da za a fitar daga wasa, kuma ƙuri'a ba saiti ba ce. Mafi ban mamaki shi ne katunan ratayawa. Pacifism daga hannu ba ya hawa halitta mai baduhu. Amma in Sun Titan ta dawo da shi daga maƙabarta kai tsaye zuwa fage, ba a jefa shi ba, saboda haka bai saita kowa ba, sai kawai ka zaɓi inda zai sauka, har a kan mai baduhun. A kan Black Knight kam ba zai zauna ba ko ta wannan hanyar, domin rigakafinta ya hana ratayawar ita kanta.

Akwai kuma katunan da ke karkatar da saitin wani. Misdirection na 1999 yana ɗaukar jifa mai saiti ɗaya ya juya shi kan wani abin da ya halatta. In babu wani halattacce, saitin ya zauna yadda yake. Jifa ba ya saita kansa, don haka ba za ka sa Counterspell, katin da ke soke jifan da ya saita, ya soke kansa ba. Dabarar da tsofaffin ƴan wasa suka sani ita ce ka juya Counterspell ɗin kan Misdirection ɗin kansa, wanda a lokacin yana kan tsibi bai gama sauka ba. Da ya gama ya tafi maƙabarta, Counterspell ya zo ya tarar ba kowa.

Saura alkawarin da na yi game da Fatal Push. A wasu katunan saitin kansa shi ne abin da ke faruwa, ba sai jifan ya sauka ba. Phantasmal Dragon halitta ce mai 5/5, tana tashi sama, da kuɗi 4 kacal, amma da zarar wani abu ya saita ta, sai a sadaukar da ita. Fatal Push ba ya iya kashe mai farashi 4 a yanayin da aka saba, amma yana iya saita ta, kuma hakan ya wadatar. Cut Down ba zai iya ba, domin sharaɗinsa yana cikin saitin, jimlar 10 ta hana shi fita daga hannu. Masu tsara wasan sun ci gaba da haƙar wannan rijiya: a jerin Theros na 2013 akwai halittun da ke ƙara ƙarfi duk lokacin da ka jefa katin da ya saita su, a Outlaws of Thunder Junction na 2024 kuma saita abokin karawa ko kayansa ana ƙirga shi a matsayin aikata laifi, wasu katuna su ba ka lada a kai.

Yawancin waɗanda na sani a Maradi a waya suka koyi wasan, ta manhajar Magic Arena da ta sauka a wayoyin hannu a 2021, tunda katunan takarda sai an yi saƙo daga waje. Manhajar malama ce mai kirki amma tana lalata ɗalibi. Tana haska maka abin da ya halatta ka saita, ta ƙi karɓar wanda bai halatta ba, ta cire jifan da ya lalace ba tare da ta ce uffan ba. Mutum sai ya yi shekara yana cin wasa bai taɓa sanin cewa dubawa biyu ake yi ba. Ranar da aka buga kwafin katuna a shagon hoto aka shimfiɗa tabarma, ana zuba shayi, babu mai haskawa, sai ka ga an ajiye Murder an yi shiru ana jiran a ga motsin ɗayan. Ɗayan yana da haƙƙin ya tambaya wa aka saita kafin ya taɓa katinsa, kuma amsar da aka ba shi ta zauna. A salon wasan da ake kira Commander, inda mutum huɗu kan zauna da kati 100 da rai 40 kowanne, abin ya fi zafi, domin roƙo da ciniki duk kafin faɗin saiti ake yin su. Bayan an faɗa, ko an shawo kanka, jifan ya riga ya hau tsibi.

Masu buga kwafin kuma su yi hattara da hoton da suke saukewa daga intanet. Rubutun da ke aiki shi ne wanda kamfanin ke sabuntawa a rumbunsa na Gatherer, ko da ya saɓa da na jikin takarda. Lightning Bolt ya shekara da shekaru ana buga shi da cewa yana saita halitta ko ɗan wasa. Daga 2018 aka mayar da shi kowane abin saiti, wanda ya haɗa da wasu katunan da ke zama a fage da ake kira planeswalker, sannan a 2023 aka ƙara katunan fagen daga da suka zo da March of the Machine. Tsohon bugu da sabo aikinsu ɗaya, don haka in za a kai shagon hoto, gara a zaɓi bugun baya-bayan nan.